Harsasan Baba a Ma'aunin Turare

Akwai zamanin da ƙarar bindiga a bayan garin Umdurman abin fita kallo ce. Idan na faɗa wa jikokina haka sai su dube ni kamar na fara rikicewa, kuma ban ga laifinsu ba, domin su abin da suka sani game da wannan ƙarar shi ne a kwanta a ƙasa, a ja ƙanana zuwa ƙarƙashin gado. Ni kuwa bindigar da na tashi na sani guda ɗaya ce, ta mahaifina, doguwa kamar taɓarya, mai ɗaurin waya a wuya. Ta baki ake ɗura mata albarushi, a tura harsashi da sanda a danna. Kafin a gama shirya ta ruwan shayi ya tafasa. Idan ta tashi kuma hayaƙi ya rufe mai ita, sai an jira ya washe kafin a san ko ya samu.

Baba ya gaje ta ne daga kakanmu, wanda ya taso daga yamma da ƙafa da niyyar hajji, ya tsaya Jazira tsintar auduga don neman guzuri, aure da 'ya'ya suka riƙe shi a can. Da ita Baba ya yi tsaron gonaki yana saurayi, ya kori aladun daji daga dawa, ya harbo zabi da barewa. Da aikin auduga ya ja baya muka dawo Umdurman, ya kafa tukubar agashe a bakin kasuwa, wato tsiren nan namu mai ƙuli da yaji. A birni babu abin harbi, amma akwai tsofaffi biyar ko shida irinsa, duk tsoffin masu tsaron gona, da suka ƙi rabuwa da bindigoginsu. Kowace Juma'a bayan la'asar sukan haɗu a wani fili yamma da gari, su ɗora gwangwanin tumatir a kan dutse, su ƙirga taki sittin, kowa ya yi harbi uku. Babu kyauta, babu caca. Wanda ya fi samu shi ke da baki har wata Juma'ar, kuma shekara da shekaru bakin nan a hannun Baba yake. Babban abokin hamayyarsa shi ne amininsa Baba Dogo, wanda suka yi kiwo tare tun suna yara. Yau filin nan gidaje ne a jere da tankunan ruwa a kansu, ko dutsen ba wanda zai iya nuna maka inda yake.

A shekarun da nake magana soja ne ke mulki. Sukari da kati ake samunsa, layin burodi tun kafin rana ta fito, a kowace mafitar gari akwai shinge da samari masu kaki. Baba yana da takardar izinin bindigarsa, tsohuwa har ta yi ja, a naɗe cikin leda uku. Duk Juma'a sai ya warware ta a shingen, duk Juma'a kuma sai sojan ya ɗaga bindigar yana dariya ya ce, "Ya haj, wannan harbi take yi ko tuƙa tuwon asida?" Baba yakan ce, "Ta girmi ubanka, gaishe ta." Su yi dariya su ɗaga masa igiya ya wuce.

Gidanmu kuwa gidan ƙamshi ne. Inna humra take haɗawa da turaren wuta na amare, kuma ta yi suna har daga Khartum ake tsallako gada a zo wurinta. Na tashi da ƙarar ƙaramin turmi ana dakan sandal da farce da kajiji, da ƙaurin sukari idan ana soya itacen turare, da hirar mata a ƙarƙashin rumfa ana kurɓar jabana, gahawar nan tamu. Yanzu turare a kwalba yake zuwa da rubutu a jiki, yarinya ta saya ba ta san hannun da ya haɗa ba. Mu a lokacinmu kowace amarya da awonta. Inna tana da ƙaramin ma'aunin tagulla mai faranti biyu, kowanne bai fi tafin hannu ba, mai kaifin da ƙwayar alkama ɗaya ke karkatar da shi. Tun ina 'yar shekara goma ta damƙa mini shi, domin ta ce idonta ya gaji da kallon harshensa. Kafin in kai ashirin hannuna ya saba har ina iya ɗaga ƙullin miski in faɗi awonsa kafin in ɗora.

Ranar Laraba da hantsi Baba yake zubin harsasai. Yakan fito da murhun gawayi tsakar gida inda iska ke wucewa, ya kore mu daga hayaƙin, ya hana kowa giftawa da ruwa, domin ɗigo ɗaya a cikin narkakkiyar dalma yakan sa ta tartsatsi. Yana da mazubi, wani ƙarfe mai kama da awartaki, mai zagayayyen rami a bakinsa. Ya ɗebo dalma da ludayin ƙarfe, ya tsiyaya, ya ɗan jira, ya buɗe, harsashi ya faɗo kan buhu yana sheƙi, tim, kamar ƙwallon magarya. Har yau ina jin wannan ƙarar a kunnena. Ba ya auna komai. Yakan ce mazubi ɗaya ne, rami ɗaya ne, to me zai bambanta su?

Sai Usta ya shigo rayuwarmu. Bakanike ne a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masu gareji, mai gyaran lagireto, ɗan mutanenmu na Jazira. Yayarsa ce ta aiko shi karɓar humra, ya zo sau ɗaya, sai ya riƙa samun dalilin dawowa. Saurayi ne mai tsayi, mai kunya, baƙin mai ba ya barin ƙasan farcensa komai wankin da ya yi. Ya aiko kawunsa ya nemi izinin zance, Baba ya yarda, amma da aka zo batun aure sai ya ce zai duba. Watanni suka shuɗe yana dubawa. Usta ya rasa ta inda zai shiga zuciyar tsohon, har ya ji wata rana yana kukan dalma ta yi wuya. Bayan mako guda sai ga shi da sanduna huɗu na dalma, a narke a gyare, sumul kamar sabulu. Baba ya juya su a hannu ya ce, "Kai, yaron nan yana da hankali." Ranar har rawa na taka a ɗakin girki.

Daga wannan lokacin Baba ya fara kuskure. Juma'ar farko ya samu ɗaya cikin uku, ya ce iska ce. Ta biyu bai samu ko ɗaya ba. Wani harsashin ya bi sama, wani ya tone ƙasa, wani ya kauce gefe kamar an kira shi. Baba Dogo ya sami abin da ya shekara ashirin yana jira. Yakan biyo ta gaban tukuba ya ɗaga murya, "Malam, a sa maka tulu maimakon gwangwani? Ko mu kawo maka ƙofar gida?" Baba ya tafi kasuwar Suk al-Arabi ya sayo tabarau a faifan wani mai talla, ya dawo yana taka ƙasa kamar mai sauka daga bene, ya yi karo da randa. Muka yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Ya rage cin abinci. Yakan zauna a gadon igiya bayan magariba yana rufe ido ɗaya yana buɗe ɗaya, yana kallon bango. Wata rana na ji yana ce wa Inna, "Idona ya tafi. Juma'a mai zuwa ita ce ta ƙarshe, in ba Dogo bindigar ya ajiye." Inna ta ce, "Malam, gwangwani ne fa." Ya ce, "Ke kike ganin gwangwani."

Washegari ina shara sai tsintsiya ta turo harsasai biyu daga ƙarƙashin gadonsa. Na ɗauka, ɗaya a dama ɗaya a hagu, zan mayar cikin jakar fatarsa, sai na tsaya. Girmansu ɗaya, amma hannuna ya ce mini ba ɗaya ba ne. Na sake su a kan siminti. Ɗaya ya faɗi tim ya tsaya, ɗaya ya yi ƙara siririya ya yi tsalle. Na jira har kowa ya kwanta barcin rana, na ɗauko ma'aunin Inna na shiga bayan rumfa da jakar gaba ɗaya. A cikinta akwai wani tsohon harsashi da ya yi baƙi, zubin kakanmu, wanda Baba ba ya harbawa. Shi na sa a faranti ɗaya, na riƙa ɗora sauran ɗaya bayan ɗaya, ina cika gibin da ƙwayoyin alkama. 'Yan kaɗan suka zo daidai, ragowar tsohuwar dalmarsa. Sauran kuwa wani sai na ƙara masa ƙwaya shida, wani goma, wani har na gaji da ƙirga. Na sa wuƙa a mafi rashin nauyinsu, ya ƙi yankuwa, da na matsa da dutse ya tsage, sai ga ƙaramin kogo a cikinsa. Na kuwa san daga hannun wa sabuwar dalmar ta fito.

Inna ta same ni a haka. Ta tsuguna ta dubi kwanoni uku da na raba harsasan, ta dubi fuskata, ba sai na yi bayani ba. Ta ce, "Kin san idan ya ji, Usta ya gama yawo a gidan nan?" Na ce na sani. Ta ce, "Ni ban ga komai ba. Ki wanke mini ma'aunina da kyau, kada amaryar mutane ta yi warin dalma." Ta tashi ta bar ni da abina. Na yi tunanin in zubar da marasa nauyin a ɓoye in bar masa masu kyau, to amma Laraba zai sake zubi da sandunan nan, kuma zai ci gaba da zargin idonsa. Na tuna yadda yake rufe ido ɗaya yana kallon bango, na ji ba zan iya ba.

Da yamma Usta ya zo zance, na tare shi a zaure da harsasan biyu. Na ce, "Me ka zuba a dalmar nan?" Ya ce, "Dalma ce, wallahi." Na ce, "Da me?" Ya sunkuyar da kai. Ashe da ya ga tsohon bututun da ya samo ba zai kai sanda ɗaya ba, sai ya tattara duk abin da ya yi kama da dalma a garejinsu, da guntayen liƙin lagireto, da ƙarafan da ake maƙala wa ƙafar mota, ya narke su tukunya-tukunya don kyautar ta yi auki. Ya ce, "Na ɗauka duk abu ɗaya ne." Na ce, "To ko ka faɗa masa, ko in faɗa masa. Yau." Ya dube ni kamar na ce ya faɗa kogi. Ya ce, "Ki ba ni kwana biyu." Na ce, "Shi kwana biyun nan ba ya cin abinci." Ya goge gumi da hularsa, ya ce, "Halas, shi ke nan. Ɗauko ma'aunin."

Baba yana kan gadonsa muka shiga. Usta ya durƙusa nesa, ya faɗi komai, bai rage ko ɗaya ba. Ni kuma na ɗora harsashin kaka a faranti ɗaya, na ɗora sabo a ɗayan, farantin sabon ya yi sama. Baba ya cire tabarau ya matso. Ya ce, "Uwata, sake." Haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni. Na sake da wani, da wani. Ya karɓi tsagaggen ya leƙa kogon da ke ciki ya daɗe. Sai kafaɗunsa suka fara girgiza, na ɗauka kuka yake yi, ashe dariya ce. Ya yi ta har da tari, yana dukan cinya yana cewa, "Ashe ba idona ba ne! Ashe ba idona ba ne!" Ya ɗaga murya ya ce Inna ta kawo masa sauran asidar rana. Sai da ya cinye tas, ya wanke hannu, sannan ya juyo kan Usta fuska a murtuke.

"Kai, wata biyu Dogo yana cin namana a kasuwa saboda kai."

"Na yi kuskure, Baba."

"Wa ya sa ka faɗa?"

Usta ya saci kallona, ya ce, "Ita ce ta ce in faɗa. Amma da ƙafata na shigo."

Baba ya ce, "To ka ji. Ka samo mini dalma tsantsa kafin Laraba. Ranar Juma'a idan na kayar da Dogo, mu yi magana. Idan na kuskure, ka nemi wata unguwa." Na buɗe baki zan yi magana, Inna ta take mini ƙafa.

Kwana uku Usta bai buɗe lagireto ko ɗaya ba. Ya bi masu tsoffin ƙarafa rumfa-rumfa yana gwada kowane guntu da farce, wanda ya karce ya ɗauka, wanda ya ƙi ya ajiye. A lokacin ana tare motocin haya a sauke samari a tafi da su horon soja, shi ya sa ya daina shiga bas, yana tsallako gada da ƙafa cikin rana da buhu a kafaɗa. Ranar Laraba Baba ya yi zubi, ni kuma a karon farko aka shimfiɗa mini tabarma a inuwa, ma'auni a gabana. Na farkon da suka fito mazubi bai yi zafi ba, duk sun yi tamoji, muka mayar tukunya. Sauran da suka huce na auna su ɗaya-ɗaya. Duk wanda ya kauce wa harsashin kaka da fiye da ƙwayar alkama ɗaya sai in ture shi gefe. Baba yana tsaye a kaina yana roƙo, "Wannan fa kyakkyawa ne, dubi yadda yake sheƙi." In ce, "Ya gaza da ƙwaya uku, Baba." Ya ce, "Yarinyar nan ta fi sojan shinge tsanani." Cikin wajen arba'in, tara kawai na bari.

Mata ba sa zuwa filin harbi, amma wannan Juma'ar Inna ta yafa mayafinta ta ce ita za ta dafa wa tsofaffin shayi, ba wanda ya iya musa mata. Usta ya aro motar ɗaukar kaya ta maigidansa ya kwashe mu duka, Baba a gaba, mu da sauran tsofaffin da bindigoginsu a baya. Muka zauna ƙarƙashin wata ƙaya muna hura gawayi. Baba Dogo ya fara, ya samu ɗaya cikin uku, ya dawo yana taƙama yana cewa a tanadar masa wurin rataye bindiga ta biyu. Sauran ba wanda ya wuce ɗaya. Baba ya tashi, ya ɗura, ya danna, ya ɗaga. Daga inda nake ina ganin bakin bindigar yana rawa. Ta tashi, hayaƙi ya washe, gwangwani yana nan a zaune. Usta ya zame ya zauna a ƙasa.

Baba ya juyo ya ƙwala mini kira a gaban kowa. "Uwata! Wannan kin auna shi kuwa?"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Na auna, Baba. Wannan kuskuren naka ne."

Inna ta rufe baki da mayafi. Sai Baba Dogo ya fashe da dariya har ya riƙe ciki, sauran suka kama, Baba ma ya kasa riƙewa. Ya yi dariya mai isarsa, ya share ido da hannun riga, ya ce, "To, tunda nawa ne, na san maganinsa." Ya sake ɗuri a natse kamar yana tsakar gidansa. Wannan karon bakin bindigar bai motsa ba. Muka ji ƙarar gwangwanin kafin hayaƙi ya washe, ya yi sama yana juyi. Aka ɗora wani, ya sake ɗauke shi. Inna, wadda ban taɓa jin guɗarta a wajen gidan biki ba, ta rangaɗa ta a tsakiyar fili. Baba Dogo ya je ya ɗauko gwangwanin da kansa, ya zura yatsa a hudar, ya ce, "Wannan ba harbinka ba ne, na 'yarka ne. Gobe zan aiko mata da nawa ta auna."

A hanyar komawa rana tana shirin faɗuwa, ina zaune a baya daidai tagar da ba ta da gilashi, ina jin duk abin da ake faɗa a gaba. Sai da muka yi nisa Baba ya ce, kamar mai batun farashin albasa, "Usta, ka ce wa su kawunka su zo ranar Lahadi bayan la'asar. Ka ce kada su kawo dalma." Usta ya juya gaba ɗaya yana kallonsa, ya manta da sitiyari a hannunsa, motar ta sauka daga hanya ta nutse cikin yashi har gindi. Tsofaffi suka zubo kan juna suna salati. Dole kowa ya sauka, har da ni da Inna, aka tattare riguna aka kama turi, Baba Dogo yana haki yana tsine wa ranar da aka ƙera gwangwani. Baba kaɗai ya ƙi sauka. Ya leƙo ta taga, bindigarsa a tsakanin gwiwoyi, ya ce shi yau ya samu biyu, wanda ya samu ɗaya shi ya tura.

Mun isa gida an gama sallar magariba, ƙafafunmu fari fat da ƙasa. Usta yana nan kusa da ni yanzu, gemu duk furfura, na karanta masa abin da na rubuta. Ya ce komai haka aka yi, sai dai batun motar. Wai tayar ce ba ta da iska.